Yarinyar da Aka Haɗa da Kayan Suna

Abin da kunnena ya fi kewa a Sokode shi ne ƙarar turmi. A zangon da na tashi, kafin rana ta ɗaga, gida-gida ake daka, a nan sakwara, a can hatsin fura, taɓarya biyu ko uku a turmi guda. Kusan kowace mai daka da yaro a bayanta, kansa yana rawa da bugun taɓarya har barci ya kwashe shi. Yau idan na zauna a ƙofar gidan babban ɗana a unguwar Kpangalam, injin niƙa nake ji, da babura, da wayoyin da ba sa yin shiru. Da safe matan unguwa suna fitowa a gurguje, wannan da jakar ofis, waccan da kwandon haja, kowace tana jan yaro da hannu ɗaya za ta kai shi gardiri, gidan da ake biya a ajiye yara har la'asar. Tsofaffi irina sukan kalle su su girgiza kai, su ce a zamaninmu ba a san kuɗin raino ba, gida ne yake rainon yaro, kyauta. Ni ma bakina ya sha faɗar haka a majalisa. Yanzu idan an fara zancen sai in yi shiru.

Gidanmu babba ne, ɗakunan laka a kewaye, rijiya a tsakiya, da bishiyar mangwaro wadda kakarmu take zama a gindinta da kwaryar audugarta. Gaskiya ne, yaro ba ya kuka shi kaɗai a wannan gida. Uwa za ta tafi kasuwa da tiren goro, ta bar jinjiri, ta dawo ta same shi an yi masa wanka, an shafe shi da man kaɗe, an ɗura masa koko. Ba ta biya kowa ba. Amma da zan rufe ido in duba wa ke ɗauke da shi, ba kakarmu zan gani ba, don ita umarni kawai take bayarwa daga inda take zaune. Yarinya zan gani, wadda ita kanta ba ta daɗe da sauka daga bayan wata ba, ta karkace gefe guda saboda nauyi, tana jan ruwa da goyon, tana hura wuta da goyon, tana kallon sa'o'inta maza suna wasan langa a waje. Innarmu idan aiki ya yi mata yawa takan leƙo daga ɗakin girki ta ce, "Ina 'yan matan gidan nan? Hannu nake nema." Ban taɓa jin ta nemi hannun ɗa namiji ba, kuma a lokacin ban ga abin mamaki a ciki ba.

Babanmu falken goro ne, mutum mai tsari, ba ya kashe kuɗi sai ya juya su a tafin hannu. Yana da tanadin da yake yi wa kowane ɗa tun daga ranar suna. Idan namiji aka haifa, sai ya sayi maraƙa ya kai wa wani Bafillace amininsa a hanyar Sotubuwa, ta girma tare da yaron, ta hayayyafa, ranar da yaro ya buƙaci kuɗin karatu ko jarin sana'a a sayar. Idan mace ce, Inna ce take fara tara mata kwanonin sha da tasoshi a ƙarƙashin gado. Har 'yan unguwa suna yabonsa, suna cewa ga wanda ya san gobe. Sai da na girma na lura cewa tanadin namiji yana ƙaruwa yana kiwo a daji, na mace kuwa yana jiran ranar da za a fito da shi ta fara wankewa.

Yayata ce ta goya ni. Ta girme ni da 'yan shekaru, amma aji ɗaya aka sa mu a lakwal, makarantar Faransanci, domin ba a sake ta ba sai da na iya tafiya da ƙafata. Ta fi kowa tsawo a ajin, yara suna tsokanarta suna ce mata uwar aji, ita kuwa ko a jikinta. Kafin shekara ta zagayo ta wuce mu duka. Malaminmu, wanda muke ce wa Mushe, wato malam da Faransancinmu, ɗan ƙabilar Kabiye ne siriri mai keke, idan lissafi ya gagari aji sai ya miƙa mata alli ya koma ya zauna. A gida, tana jiran tukunya ta tafasa, takan ɗauki gawayi ta rubuta mini haruffa a bangon ɗakin girki, idan na kuskure ta ɗan ja kunnena ta ce, "Kanka ya yi nauyi a bayana, ashe ba komai a ciki." Duk harsunan da na zo na iya daga baya, Kotokolanci da Mobanci da Mosanci da na Asante da Zabarmanci, a hanya na tsince su, amma karatu a bangon nan na fara shi.

Akwai wata al'ada a gidajenmu na fatake. Idan 'yar gida da aka aurar nesa ta haihu, kuma sana'arta ba za ta bar ta ta zo wankan jego ba, sai a haɗa mata kayan suna a aika: sabulun salo, man kaɗe, kanwa, daddawa, yaji, zannuwan goyo, sannan a haɗa da yarinya. Haka ake lissafa ta, a cikin kayan, ba wanda yake jin nauyin faɗa. Yarinyar za ta goyi jaririn har a yaye shi, uwar ta samu ta koma neman kuɗi. Gidan da ya aika kaya babu yarinya, sai a ce ya yi rowa.

Goggonmu, ƙanwar Baba, tana aure a Dapaong, wanda a lokacin muke ce wa Dapango. Tuwo take sayarwa a tashar manyan motoci. Wata rana mun dawo daga lakwal, rana tsaka, muka tarar da mata sun baje kaya a tsakar gida ana ƙullawa, ana guɗa, an ce Goggo ta sauka lafiya, namiji. Baba yana zaune a kan buzunsa a inuwa. Ya kira Yaya, ta durƙusa, allonta yana hannunta.

"Za ki bi motar jibi," in ji shi. "Goggonki tana buƙatar hannu. Har a yaye shi ne kawai."

"Baba, jarrabawa ta kusa."

"Jarrabawa kowace shekara ana yi. Jaririn yanzu yake kuka."

Sai ta juyo ta nuna ni da haɓa. "To shi fa? Shi ma yana da baya."

Dariyar da matan nan suka yi har yau tana kunnena. Kakarmu ta ajiye audugarta tana share hawaye. "Ku ji min 'yar nan! Namiji da goyo? Sai dai mu ɗaura masa ɗankwali mu sa masa lalle." Inna kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya tana ƙulla daddawa a ganye, ta ƙulla ta kwance, ta sake ƙullawa.

Washegari Mushe ya zo har gida, ya jingine kekensa a zaure. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ya bambanta mace da namiji. Ya ce, "Alhaji, yarinya nan, kai nasa yana da kyau. Ka bar shi ya gama." Baba ya karɓe shi da mutunci, ya sa aka kawo masa ruwa, ya cika masa aljihu da farin goro, ya ce ai ba cire ta aka yi ba, aro aka bayar. Mushe ya fita yana tura keken bai hau ba. Ranar tafiya muka raka ta tasha. Aka ɗora ta a bayan mota a kan buhunan doya, kwanon man kaɗe a cinyarta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce mini, "Ka riƙe mini wurina a benci, kada ka bari wani ƙazami ya zauna." Na riƙe har aka yi hutu. Da aka dawo, aka sa wani yaro a wurin.

Kafin a yaye jaririn Goggo ta samu wani cikin. Bayan wannan aka sake samun wani. Duk sanda Inna ta tayar da zancen, Baba yakan ce a bari wannan ya yi ƙwari, ba a raba yaro da wadda ya saba da ita. Babu wanda ya yanke cewa Yaya ta bar karatu. Ba a taɓa zama an faɗi haka ba. Shekaru ne kawai suka yi ta wucewa tana wanke kwanukan direbobi da yaro a baya, har ta isa aure, aka aurar da ita a can ga wani mahauci mutumin kirki. Ni kuwa na ci jarrabawa, aka sayar da shanuna biyu aka kai ni kwaleji, na zama mai fitar da takardun kaya ga 'yan kasuwa, aikin da ya zagaya da ni ƙasashe.

Na ga abubuwa a wannan yawo, kuma idona ya riƙa tsayawa a inda na abokan tafiyata ba ya tsayawa. A Kumasi na ga 'yan matan arewa suna dakon kaya a ka, da jarirai a baya, wasu jariran ma ba nasu ba ne. A Wagadugu da Yamai na ga gidajen ma'aikata, kowanne da 'yar ƙauye da ake kira bon, wato 'yar aiki, tana kwana a baranda. A Abijan na sauka gidan wani abokina, matarsa babbar ma'aikaciyar banki, ta yi mini bayanin 'yancin mata da Faransanci mai daɗi, wata yarinya daga arewacin ƙasarmu tana tsaye a bayanta tana jijjiga mata ɗa. Har wani gari na Turawa na je sau ɗaya, inda na ga maza suna tura keken jarirai a titi ba mai waiwayensu, amma da na leƙa gidan rainon unguwar, masu aikin duk mata ne, yawancinsu baƙaƙe irina. Sunan aikin yana canzawa daga harshe zuwa harshe, wani wuri ana biya, wani wuri ana cewa zumunci ne. Ban je inda na tarar da namiji a ƙarshen layin ba.

Duk sanda hanya ta bi da ni Dapaong nakan sauka wurin Yaya. Ta tsufa da wuri, bayanta ya ranƙwafa. Wata rana ta miƙo mini kwalin magani in karanta mata yadda ake sha, don karatun ya daɗe da ɓace mata. Na karanta, sannan na kasa haƙuri na ce, "Yaya, me ya hana ki dawowa a lokacin?" Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. Ta ce, "Wa ya zo ɗaukata?" Sai ta tashi ta zuba mini fura. Allah Ya ji ƙanta, a can aka binne ta.

Na ɗauka duk wannan ya wuce da zamaninsa. 'Ya'yana mata duk na sa su makaranta, kuma autata ta yi nisa, ta karanta harkar magunguna, ta samu aiki a wani kantin magani a Dapaong, inda mijinta yake aikin ofis. Matata ta rasu, uwar mijin ma haka, saboda haka babu tsohuwar da za ta je ta zauna musu. Da Auta ta haifi na uku, hutun haihuwa ya ƙare, sai suka zo Sokode da Babbar Sallah, aka zauna bayan an ci nama, ni da su da babban ɗana mai gidan.

Surukina yaro ne mai ladabi, ba ya ɗaga murya. Ya fito da waya ya ce, "Baba, ba mu so mu yi abu da ka, mun zauna mun tsara." Ya bi mini dalla-dalla: haya, wuta, ruwa, kuɗin lakwal na manyan biyu, adashen da suke zubawa don sayen fili. Sannan ya zo kan gardiri, ya ce na jinjiri ya fi tsada, ga madarar gwangwani, ga man babur na kaiwa da ɗaukowa. Ya ce idan aka cire kuɗin jinjirin duka daga albashin Auta, abin da ya rage bai kai a ce mutum yana aiki ba.

Na ce, "Me ya sa daga nata ake cirewa?"

Ya ɗago kai. "Na'am, Baba?"

"Yaron na ku biyu ne. Ka cire daga naka mu ga abin da zai rage."

Ya yi murmushin jin kunya, ya ce ai nasa shi ne na gida, da shi ake haya da abinci. Auta tana ta gyara wa jaririn hula. Surukina ya ce hanya biyu ce: ko ta ajiye aiki har yaron ya yi wayo, ko a samu yarinya daga gida. Auta ta ce a hankali, "Idan na ajiye, washegari za su ɗauki wata. Ba a ajiye wa mutum wuri."

Sai babban ɗana ya gyara zama. Kayan babur yake sayarwa, kuma kasuwa ta ja baya, na sani. Ya ce, "Ai ba sai an je nesa ba. Ga 'yar wajena, ta iya goyo, ita ta raini ƙannenta. Ta je ta taimaki goggonta. A can ma akwai makaranta, in yaron ya yi ƙwari sai a sa ta."

Yarinyar tana bakin ƙofa tana wanke tukunyar nama. Jikata ce da nake tsokana ina ce mata amaryata, ita kuma tana ce mini tsohon miji mara haƙori. Shekarar nan za ta zauna jarrabawar gama firamare. Ta ji abin da ubanta ya ce, hannunta ya tsaya a cikin tukunyar.

Na ce ba za ta je ba. Ɗana ya ce, "Baba, aro ne fa, ba kyauta ba." Na ce in hannu ake nema, ga ni, ba aikin da nake yi sai zaman ƙofar gida, a tafi da ni Dapaong in riƙe yaron. Suka fashe da dariya, har Auta. Ɗana ya ce, "Haba Baba, Alhaji guda da zanin goyo? Me mutane za su ce da mu?" Daga bakin ƙofa amaryata ta ce, "In ka goya shi ku biyu za ku faɗi," amma ita ba ta yi dariya ba, idonta yana kaina. Na ce to a ɗauki rabin kuɗin ritayata a ƙara a biya gardiri. Surukina ya yi godiya, ya ce ko na maganina ba ya isa, ba za su karɓa ba. Daga nan na yi abin da ban saba yi wa 'ya'yana ba. Na ce muddin ina numfashi, duk wanda ya sa yarinyar nan a mota kafin ta gama karatu, ban yafe ba. Ɗana ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Baba. An bar maganar."

Auta da mijinta suka koma Dapaong, amaryata ta ci gaba da zuwa lakwal, ta zauna jarrabawarta ta ci. Auta kuma na ji ba ta bar aiki ba. Na yi hamdala, na ce a raina ashe tsufa yana da amfani. Ban tambayi yadda suka yi ba.

Bayan damina na hau mota zuwa Dapaong in duba su. Na isa da hantsi, Auta tana shirin komawa kanti. A tsakar gida na ga wata yarinya da ban sani ba, ba ta kai jikata tsawo ba, tana shanya, jaririn yana ɗaure a bayanta da tawul. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na bi Auta ɗaki na ce, "Wace ce wannan?"

"Daga wajen Gando aka kawo ta. Wata mai kawo mana gawayi ce ta haɗa mu da iyayenta."

"Makaranta fa?"

Auta ta ajiye jakarta. Ban taɓa jin ta yi mini magana da wannan murya ba. "Baba, ka ce kada a taɓa jikarka, ba a taɓa ta ba. Ni ma kai ka sa ni karatu, ka ce kada in zauna. Gardiri ya fi ƙarfinmu, mijina ba zai bar ofis ba, kai an ce ba ka dace ba. To wa zai riƙe shi? Faɗa mini, wallahi in yi." Idonta ya cika. Ta goge fuska, ta ce abincina yana cikin kula, ta tayar da babur ta fita.

Na ɗauki kujera na zauna a inuwar baranda. Yarinyar ta gama shanya ta koma kan wanke-wanke, tana karkacewa duk sanda yaron ya motsa. Na gwada ta da Mobanci, ta amsa kaɗan-kaɗan, sai muka koma Hausar kasuwa. Na ce aji nawa ta bari. Ta ce na huɗu. Na ce tana son karatun? Ta ɗaga kafaɗa, ta ce, "Madam ya ce in yaro ya yi tafiya za a sa ni."

Na ce, "Kwanto shi ki ba ni, ki huta. Jikana ne, na iya riƙewa."

Ta ja da baya har ta taka kwano. "A'a, Baba. In Madam ya dawo ya ga ba ni ke ɗauke da shi ba, zai ce ba ni da amfani, ya mai da ni gida."

"In an mai da ke gida ba sai ki koma lakwal ba?"

Ta girgiza kai. "Kuɗin da ake ba babana, da shi ake biya wa ƙanena lakwal. Shi namiji ne."

Yaron ya fara kuka. Ta ƙara ɗaure tawul ɗin a ƙirjinta, ta shiga zagaya tsakar gida tana jijjiga shi, tana yi masa waƙa da harshen garinsu. Ni kuma ina zaune, hannuwana biyu a kan gwiwa, har ya yi barci.